Sitiyarin Ɗaki: Nasiha ga Samarin Adabka Masu Son Mota

Ƙannena, son mota ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Da wuya a sami yaron da ya tashi a Adabka, ko Nasarawar Burkullu, ko Gummi, wanda bai taɓa ƙera motar kara ba. Bayan an kawar da amfanin gona, a sami karan dawa a fere, a huda, a haɗa jiki. Tsohon silifa a yanka shi ya zama taya. Sai a kawo doguwar waya a lanƙwasa kanta ta zama sitiyari. Wanda hannunsa ya faɗa har yakan yi dabarar da in ya murɗa, tayoyin gaba su juya. Da baki ake ƙugin inji, da baki ake canza giya. Saboda haka da na ga kuna tura wa juna bidiyon matasan Turai da Asiya zaune a ɗaki kan kujerar mota, ga sitiyari a hannu, ga babban allo a gaba, ƙafafu na taka totur da birki, ban yi mamakin yadda abin ya shiga ranku ba. Ban zo in hana ku ba. Ina so ku san yadda abin yake, da abin da zai ƙare ku da shi, da inda yake iya kai mutum ya baro.

Abin da kuke gani haɗi ne na abubuwa huɗu: sitiyari, matakan ƙafa wato feda, kujera da ƙarafan da ke riƙe su, sai na'urar da ke ɗauke da wasan tare da allonta, ko PlayStation ce, ko Xbox, ko kwamfuta. A cikin huɗun nan sitiyarin ne ke ɗauke hankali, kuma a kansa ake yawan cutar mai saye, don haka bari in daɗe a kansa.

Sitiyarin kirki yana da ƙaramin injin lantarki a cikinsa. Aikin injin nan shi ne ya mayar wa hannunka labarin abin da tayoyin gaba suke ji. In ka shiga kwana, sitiyarin zai yi nauyi yana neman komawa tsakiya. In ka matsa wa motar fiye da abin da taya za ta iya riƙewa, sai ka ji ya saki, ya yi sakayau a hannunka, alamar tayoyin gaba sun fara sulɓewa ke nan. In bayan motar ne ya kufce, sitiyarin da kansa zai fizgi hannunka zuwa gefen da ya kamata ka juya. Duk darajar kayan tana nan. Sitiyarin da ba shi da wannan inji, ko da an yi masa ado da fitilu da maɓallai, abin wasan yara ne. Akwai su da yawa a kasuwa, masu araha, da ke karkarwa kawai kamar waya in kira ya shigo, a cikinsu roba ce ke jawo su tsakiya. Mai shago zai ce maka ai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ka ce a haɗa shi da wuta a gabanka: na gaskiya da an kunna shi yakan juya da kansa zuwa ƙarshen dama, ya koma ƙarshen hagu, sannan ya tsaya a tsakiya. Ka kuma ƙirga juyinsa. Logitech G29, wanda ya fito a 2015 kuma da shi da yawa daga masu wannan wasa suka fara, yana juya digiri 900, wato zagaye biyu da rabi, kusan yadda na ƙaramar mota yake. Thrustmaster T300 yana kaiwa 1080, zagaye uku cif. Masu arahar nan wasu ko zagaye ɗaya ba sa cikawa. Sannan ka tambayi da wace na'ura yake aiki, don G29 na PlayStation ne da kwamfuta, ɗan'uwansa G920 kuwa na Xbox ne da kwamfuta. Da yawa sun sayi wanda bai dace da na'urarsu ba, suka zauna da shi yana shan ƙura.

Akwai na manya, irin na kamfanin Fanatec na Jamus da Moza na Sin, waɗanda aka ɗaura sitiyarin kai tsaye a kan babban inji. Ƙarfinsu yakan ninka na G29 sau da yawa, har yana iya gurɗe wuyan hannun wanda bai saki ba lokacin da motar ta yi karo a cikin wasa. Waɗannan ku bar su tukuna.

Yanzu maganar kuɗi, wadda masu bidiyon ba sa yi muku. Sabon G29 yakan kai dala 300 a kasuwannin waje. A 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma a shekarar ne aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ku yi lissafin da kanku: sitiyari kaɗai ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da wata shida, ba a zo kan na'urar wasa ba, ba a zo kan talabijin ba, ba a zo kan wuta ba. A garin da mutum yake ƙirga buhunan gero don ya ga ko za su kai shi wata damina, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ina roƙonku, kada ɗayanku ya ci bashi don wannan, kada ya sayar da akuyar mahaifiyarsa, kada ya tsaya kan uba da naci har a taɓa kuɗin taki. In abin ya zama dole a ranku, ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku nemi na hannu mai lafiya a Gusau ko Sakkwato ko Kano, ku tafi da wanda ya san kan abin, a gwada kowane feda a gabanku. Ku rubuta wanda ya ba da nawa, da gidan da za a ajiye, da ranar kowa. Kayan haɗaka da ba a rubuta ba sun sha raba abokai.

Kujerar kuwa, a nan nake so ku buɗe kunne, don a nan ne ku kuka fi ɗan Turai sa'a. Shi sai ya biya kuɗi mai yawa kamfani irin su Playseat ya aiko masa da ƙarafa a kwali. Kai kuwa akwai mai walda a bakin kasuwa, akwai kafinta a unguwa. Tsohuwar kujerar gaba ta Golf ko wata ƙaramar mota, wadda ake samu wajen masu kayan gyara, ta fi yawancin na kwalin nan daɗin zama, musamman in ka same ta da layin ƙarfenta na ƙasa da ake turawa gaba da baya, yadda dogo da gajere duk za su iya hawa. Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, ka ɗora kujerar a ƙasa kan bulo biyu ka zauna. Jingina bayanka sosai, ka miƙa hannu: inda wuyan hannunka ya sauka ba tare da kafaɗarka ta rabu da kujera ba, nan saman sitiyari zai kasance. Miƙa ƙafa kamar ka take birki har ƙasa: dole gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa, kada ta miƙe sambal. Wani ya riƙe maka awo ya rubuta. Da wannan takarda za ka je wurin mai walda, a yi gindi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, a tayar da ƙafafu biyu da za su ɗauki farantin sitiyari, a kuma sa musu tokara ta gefe. Tokarar nan kada a yi mata rowa. In farantin yana rawa, duk saƙon da injin ke aiko wa hannunka a cikin rawar zai ɓace, ka biya kuɗin sitiyari mai magana ka toshe masa baki. Farantin feda a ɗan kishingiɗa shi, a ɗaure da noti, don ba abin da ke ɓata tuƙi kamar ka taka birki feda ya gudu gaba. Wanda ba shi da kuɗin ƙarfe, katako mai kauri ya wadatar, muddin da noti aka haɗa shi, ba da ƙusa ba. Allo kuma a matso da shi kusa da bayan sitiyari, tsakiyarsa daidai idonka. Ka goge bakin kowane ƙarfe da aka yanka, saboda ƙannenka za su zo su hau, babu takalmi.

Yaron da ya bi wannan aiki daga awo har fenti ya koyi abin da zai ci abinci da shi ko da sitiyarin ya lalace gobe. Ni wannan ɓangaren ya fi burge ni a kan wasan kansa.

Wuta ita ce matsala ta gaba, kun fi ni sani. PlayStation 4 da matsakaicin talabijin da sitiyari sukan ja wajen wat 200 in suna aiki tare. Ƙaramin janareto zai ɗauka, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace awa ta wasa kuɗi ce. In za ku kunna shi, a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana sa barci, kuma ta sha kashe mutanen ɗaki ɗaya gaba ɗaya a ƙasar nan. Masu sola kuma ku kula da batir. Yawancin manyan baturan da muke amfani da su dalma ce a cikinsu, kuma mu mutanen Bukkuyum da Anka ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan dalma. A 2010 gubarta da ta fito daga duwatsun zinariyar da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a garuruwa irin su 'Yargalma da Dareta da Abare, aka daɗe ana kwashe ƙasar Bagega ana zuba sabuwa. Batirin da ya fashe ko ya mutu kada a fasa shi a tsakar gida, kada a bar shi inda yara ke rarrafe. A mayar wa masu saye.

Ƙura ma abokiyar gaba ce. A lokacin hunturu takan shiga cikin fedojin G29, ta zauna a kan ɗan abin da ke auna takun ƙafa, sai ka ga totur yana rawa shi kaɗai. Tsohon zane da za ka lulluɓe kayan da shi in an tashi ya ishe ka. Wajen zaɓen wasa kuma ka tuna inda kake. Gran Turismo 7, wanda ya fito a 2022, mafi yawansa ba ya buɗewa sai da intanet. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021 aka yi makonni ba kira ba saƙo, mun san bai kamata mu dogara da abin da sai da sabis yake aiki ba. Assetto Corsa na 2014 yana tafiya babu intanet, haka ma Euro Truck Simulator 2, wanda wani kamfani na birnin Prag ya fitar a 2012, kuma tsohuwar kwamfuta mai ɗan ƙarfi tana ɗaukarsa.

Wannan na ƙarshen nake so ku fara da shi, ko da yake na san ba shi ne ke cikin bidiyon da kuke kallo ba. Babu tsere a cikinsa. Tirela za a ba ka da kaya, a ce ka kai wani gari. Za ka koyi duba madubi, da ba da sigina, da yadda doguwar mota ke cin kwana da faɗi, da yadda ake komawa da baya da bodi ba tare da ta naɗe ba. In ka yi gudun wuce ƙa'ida a ci ka tara, in ka ƙi barci idon direban ya fara rufewa. Yaron da ya yi wata guda a kan wannan zai daina shiga gefen tirela da babur a kan kwana, don ya zauna a kujerar direban ya ga inda madubi ba ya nunawa.

Ko a wasan tseren ma, abin da zai ba ku mamaki shi ne gwanaye ba da totur suke cin tsere ba. Kowa ya iya take totur har ƙasa. Gwani shi ne wanda ya san inda zai fara birki, ya taka da ƙarfi motar tana miƙe, ya riƙa sassautawa a hankali yana shiga kwana, idonsa na kan mafita tun bai kai tsakiya ba. Hannu biyu a kan sitiyari, kamar a fuskar agogo, ɗaya a ƙarfe tara ɗaya a ƙarfe uku. Sabon shiga yakan shigo kwana da gudu ya fita da jan ciki, ko ya ƙare a bango. Tsohon hannu yakan shigo a natse ya fita da ƙarfi. Sauri ya haifi nawa, a nan za ka gan shi da idonka, agogo na ƙirga maka. In wasan ya koya maka wannan, ya biya kuɗinsa.

Na san za ku kawo mini labarin Jann Mardenborough, don wasunku sun kalli fim ɗin Gran Turismo na 2023. Labarin gaskiya ne. Kamfanin Nissan da Sony sun buɗe gasar GT Academy a 2008 don su ɗauko gwanayen wasa su mayar da su direbobin tsere. Lucas Ordóñez ɗan Sifaniya ne ya fara ci. Mardenborough, wanda ya tashi a Kadif ta Birtaniya, ya ci a 2011 cikin mutum wajen 90,000, kuma a 2013 shi da abokan tuƙinsa suka zo na uku a ajinsu a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. To amma ku duba abin da ke tsakani. Da ya ci gasar, ba a miƙa masa makulli an ce bismilla ba. Watanni ya yi a hannun malamai, a cikin motar gaske, ana horar da jikinsa, yana shiga ƙananan tsere yana tara sa hannun da ake buƙata kafin a ba shi lasisi. Duk da haka, a watan Maris na 2015, a filin Nürburgring na Jamus, motarsa ta tashi sama ta tsallake shinge ta faɗa inda 'yan kallo suke, mutum ɗaya ya rasu. Wannan a filin da aka gina don tsere ke nan, mai shinge, mai motar asibiti a tsaye. Gasar GT Academy kanta an rufe ta bayan 2016.

Yanzu ku kawo hankalinku gida, kan hanyar da ta taso daga Mayanchi ta bi ta Anka da Daki Takwas ta wuce Gummi, da ƙananan hanyoyin da muke bi kafin mu hau ta. Allon ɗaki ba ya nuna ramin da ruwan damina ya rufe. Ba ya nuna garken shanu da zai ɓullo daga bayan kwana, ko yarinya mai talla da za ta tsallaka a guje, ko Golf da aka loda wa mutum goma da buhuna a but har gindinta na shafar ƙasa. A ɗaki hannunka ne kawai ke ji. A mota ta gaske direba da mazauninsa da bayansa yake fara jin motar za ta kufce, kuma wannan ji ba ya samuwa sai da shekaru. Ga lissafin da nake so kowannenku ya haddace: motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Kafin idonka ya gani, ƙafarka ta tashi daga totur ta sauka kan birki, mita talatin ko fiye sun wuce. Birkin kansa, a kan busasshiyar kwalta mai kyau, yana buƙatar wajen mita 14 in kana kan 50, amma wajen mita 56 in kana kan 100. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. A kan tsakuwa, da sudaddiyar taya, abin ya fi haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana cin rai wajen miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Sa'o'inku ke nan.

Abin da nake tsoro ƙarara shi ne yaro ya yi wata uku yana cin abokansa a ɗaki, sai ranar biki ya karɓi makullin motar yayansa ko babur ɗin maƙwabci don ya nuna wa 'yan mata abin da ya iya. Mun ga irin wannan wasan mota da ɗaga tayar babur a rakiyar amarya tun kafin sitiyarin ɗaki ya zo, mun kuma ga gidajen da aka tashi daga buɗar kai aka koma zaman makoki. Ranmu ya isa da asarar da rashin tsaro ke jawo mana a waɗannan hanyoyi. Kada mu ƙara da hannunmu. Doka ba ta ba da lasisi sai mutum ya cika shekara 18, kuma iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya irin tamu kilomita 80 ne, a cikin gari 50. Wanda yake son tuƙin gaske ya je tasha ya durƙusa ya gai da tsofaffin direbobi, ya yi yaron mota, ya koyi duba mai da ruwa da iskar taya kafin ya taɓa makulli. Za su ce maka, “Yaro, fara koyon tsayawa tukuna.” Ka saurare su.

Abu uku kuma a gajarce. In kun buɗe wurin don wasu su biya su hau, kamar yadda ake yi a gidajen gem na ƙwallo, kada ku yarda a sa kuɗi a kan wanda zai ci. Caca ce, ko da naira hamsin ce, kuma daga nan rigima ke farawa. Sannan a sa wa abin lokaci. In an kira salla a ajiye, in lokacin gona ne ko makaranta a rufe da zane. Ƙannenku mata in sun nuna sha'awa ku ba su su gwada a gida, hannunsu bai fi naku rauni a kan sitiyari ba.

Wanda kuɗin sitiyarin kamfani ya fi ƙarfinsa, kuma su ne mafi yawa, yana da wata hanya da na fi so masa. Akwai ɗan allon lantarki da ake kira Arduino Leonardo, bai kai tafin hannu ba, wanda kwamfuta ke karɓa a matsayin abin sarrafa wasa. Matasa a ƙasashe da dama suna haɗa shi da tsohon sitiyarin mota da abin auna juyi, irin maɓallin ƙara murya na rediyo, su ƙera fedoji da katako da sifirin. Ba zai yi daɗin na kamfani ba, amma wanda ya haɗa shi ya shiga ƙofar ilimin lantarki da rubuta umarnin kwamfuta, ilimin da ake koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara da ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, da zanen motoci ya fara tun yana yaro. Ya yi karatu a Birnin Kebbi, ya wuce Ditiroit ta Amurka, ya zama shi ne ya zana surar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, daga baya ya dawo gida a 2017 ya shugabanci hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya. Sakkwato ba nisa gare ta da mu ba.

Don haka ku fara da abin da ke kusa. Ku je wurin mai walda da takardar awonku, ku roƙe shi ya bar ku ku riƙe ƙarfen da kanku yana nuna muku. Makullin motar gaske kuwa, don Allah, ku bar shi a aljihun mai shi har ranar da kuka sami lasisi.